Gashin Ganyen Itacen Balluɗ da Labarin da Yake Bayarwa



Maganar da zan yi muku yau a kan wani abu ne ƙanƙane ƙwarai, wanda sai mutum ya juya ganye ya ƙura masa ido sa'an nan zai gan shi, watau gashin nan da ke tsirowa a jikin ganyen itace. Kowa a cikinmu ya san irinsa. Wanda ya taɓa tsinkar kuɓewa ya ji ƙaiƙayinta a hannu, wanda kuma ya shafa sabon ganyen tumfafiya ya ga farin abu mai kama da auduga ya maƙale masa a yatsa. Amma itacen da za mu duba ba na ƙasarmu ba ne. Ingilishi suna ce masa oak, masanan tsirrai suna kiran zuriyarsa duka Quercus, Larabawa kuwa balluɗ suke cewa. Da yake ba ya fitowa a wajenmu, Hausa ba ta raɗa masa suna ba, saboda haka na ari na Larabawa, don ya fi daɗin faɗi a bakinmu. Ba ni ne na fara aron ba: mutanen Sifen har yau bellota suke kiran 'ya'yan itacen nan, kalmar kuwa daga Larabawan Andalus suka gaje ta.

Balluɗ ba iri ɗaya ba ne, ya fi iri 400. Ƙasar Meziko ce ta fi kowace ƙasa yawansa, tana da wajen iri 160, sa'an nan Sin da Amurka. Akwai shi a Turai, da duwatsun Himalaya, da kuma Afirka ta Arewa, watau Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Wani irin yana zaune a fadama, saiwarsa cikin ruwa, wani a kan tsandauri inda akan yi wata uku ko huɗu ba a ga ɗigon ruwan sama ba, wani kuma can bisa dutse inda sanyi ke daskarar da ruwa. Wannan ne dalilin da ya sa masana suka ɗauke shi abin gwaji. Idan dangi ɗaya suka watsu a wurare dabam-dabam haka, mai lura yana iya gane abin da wuri ke yi wa halitta, da abin da halitta ta taho da shi daga gida.

Kafin mu shiga zancen gashi, sai mu tuna da matsalar da kowane ganye ke fama da ita. Ganye shi ne madafar itace. A cikinsa ake haɗa ruwa da iskar kabon, da ƙarfin hasken rana, su zama abinci. Iskar nan tana shiga ta waɗansu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, a balluɗ kuwa ƙofofin nan a bayan ganye suke, watau fuskar da ke duban ƙasa, ɗaruruwa a cikin murabba'in milimita 1. To, ga wahalar: duk sa'ad da ƙofa ta buɗe don iska ta shiga, ruwan da ke cikin ganyen sai ya sami hanyar fita ya zama tururi. In itace ya rufe ƙofofinsa yunwa ta kama shi, in ya buɗe su ƙishirwa ta kama shi. Inda ruwa ya wadata wannan ba wani abin damuwa ba ne. Inda babu ruwa kuwa, batu ne na mutuwa ko rayuwa.

Shi gashin, in aka sa shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, abin mamaki ne. Wani sili ɗaya ne kamar gashin hannun mutum. Wani kamar tsintsiya, silla da yawa sun fito daga gindi ɗaya sun miƙe tsaye. Wani kuma ya baje hannuwa 4 ko 8 ko fiye, ya kwanta a kan ganyen kamar hoton tauraro. Akwai kuma wani mai ɗan kumburi, wanda ke tsatso da wani ruwa mai danƙo. Galibinsu tsawonsu bai kai rabin milimita ba. Wani masani a Amurka, James Hardin na Jami'ar Jihar North Carolina, ya duba ganyayen balluɗin gabashin Amurka da madubin lantarki mai ƙara girman abu sau dubbai, a 1976 ya rarraba gashin iri-iri ya ba kowane suna, a 1979 kuma ya bayyana yadda yake sāɓawa daga wannan itace zuwa wancan. Gashin nan ba baƙon abu ba ne a duniya. A gaɓar tekun Baltik akan tsinci ƙaron itatuwa wanda ya daskare ya zama kamar dutse tun wajen shekara miliyan 40 da suka wuce, a cikinsa kuwa abin da aka fi samu daga tsirrai shi ne gashin taurarin nan na dangin balluɗ, har ma yana cikin alamun da ake gane ƙaron wannan yanki da su.

Yanzu sai mu yi tafiya da tunani daga arewacin Turai mu gangara kudu, muna juya ganye a kowane zango.

A Ingila, inda akan sami ruwan sama kamar milimita 600 a shekara a birnin Landan, ana yinsa kuma kaɗan-kaɗan a kowane wata, balluɗin da ya fi shahara shi ne Quercus robur. Yana son ƙasa mai zurfi mai laima. Ganyensa sumul yake gaba da baya, kusan babu gashi ko kaɗan. Ɗan'uwansa Quercus petraea ya fi son gangaren tudu inda ruwa ba ya kwanciya, shi kuwa in ka juya ganyensa za ka tarar da ɗan gashin taurari siriri, musamman a gefen jijiyoyi. Masu aikin daji na can da wannan ɗan gashi suke rarrabe su biyun in kama ta yi yawa.

Da an gangara kudancin Faransa da Italiya da ƙasashen Balkan, aka hau duwatsun farar ƙasa masu zafi, sai a gamu da Quercus pubescens. Ma'anar sunan nasa ma ita ce mai laushin gashi. Sabon reshensa da bayan ganyensa duk lulluɓe suke da furfura mai taushi. A tsakiyar Sifen da arewacin Fotugal har zuwa duwatsun Maroko akwai Quercus pyrenaica, wanda ganyensa ke da gashi ciki da baya, in ka shafa kamar ka shafa karan-miski.

A nan ya kamata in tsaya in yi bayanin yanayin ƙasashen Bahar Rum, domin juyin namu ne. Mu ruwanmu da ɗumi yake zuwa, itace ya sha ya yi girma a lokaci guda. Su kuwa da hunturu ake yi musu ruwa, lokacin da sanyi ya hana tsiro sakewa, in zafi ya zo kuma sai sama ta ɗauke. Birnin Madrid ba ya samun fiye da kamar milimita 450 a shekara, a watan Yuli da Agusta kuwa kusan ba a yin komai. Watau lokacin da rana ta fi ƙarfi shi ne lokacin da ƙasa ta fi bushewa. Sarkin itatuwan wannan yanki shi ne Quercus ilex, wanda ba ya kaɗe ganye duk shekara. Ganyensa ƙarami ne mai tauri kamar fata. Fuskarsa ta sama kore ce shar mai sheƙi, amma bayansa toka-toka ne, taurarin gashi sun sarƙe da juna kamar saƙar bargo, har ba a ganin fatar ganyen sai an kankare. Haka nan ɗan'uwansa Quercus suber yake, wanda daga ɓawonsa ake yin toshiyar kwalba. Ƙasar Fotugal ita kaɗai ke fitar da wajen rabin ɓawon da duniya ke amfani da shi, ana saɓe itacen sau ɗaya cikin shekara 9 ba tare da an kashe shi ba. A Maroko, kusa da birnin Rabat, dajin Mamora na wannan itace ne, a kan rairayi yake tsaye.

To, mene ne amfanin bargon nan ga ganye? Abin da aka fi sani shi ne yana tare iska. Kowane ganye yana da ɗan siririn mayafi na iska mai laima a jikinsa, wanda busasshiyar iska ke sharewa in ta kaɗa. Gashi yakan riƙe mayafin nan a bakin ƙofofi, tururi ya rage saurin fita. Amma a ganina an cika kambama wannan aiki. Abin da ke tsare ruwa da gaske shi ne rufewar ƙofofin da kuma kakin da ke shafe a fatar ganye. Gashi mataimaki ne, ba shi ne mai gida ba. Aikinsa da ya fi ƙarfi yana wajen haske. Gashin da ya manyanta matacce ne, cikinsa iska ce kawai, shi ya sa yake fari, fari kuwa mayar da haske yake yi. Wanda ya taɓa sa baƙar riga da tsakar rana a watan Afrilu ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Ganyen da ya rage shan rana bai cika zafi ba, wanda bai cika zafi ba kuwa ba ya bukatar zubar da ruwa mai yawa don ya huce.

Har ila yau akwai wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani, mai ƙuna, wanda ke lalata naman halitta. A shekarun 1990 masana a ƙasar Girka suka nuna cewa gashin ganyen zaitun da na Quercus ilex yana ɗauke da waɗansu sinadarai masu shanye wannan haske kafin ya kai ga naman ganyen. Wannan ya fi amfani ga jaririn ganye, wanda fatarsa ba ta yi ƙwari ba tukuna. Shi ya sa za ku ga har irin balluɗin da manyan ganyayensa sumul suke, kamar farin balluɗin Amurka, sabon tohonsa da furfura yake fitowa, in ya girma ta kakkaɓe. Kamar zanen goyo ne, yaro ya tasa a ajiye.

Hasken nan mai ƙuna yana ƙaruwa da kamar kashi 10 cikin 100 a kowace mita 1,000 da mutum ya hau sama. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da muka tarar da bargon nan a duwatsun Himalaya na Indiya da Nepal. A wajen tsayin mita 2,000 akwai wanda mutanen wurin ke kira banj, suna sassabe rassansa su ba shanu. Sunansa na ilmi, leucotrichophora, ma'anarsa mai ɗauke da farin gashi. Sama da shi, har a haura mita 3,000, akwai wanda suke kira kharsu, bayan ganyensa ja-ja kamar tsatsa.

Wani aiki kuma shi ne na ruwa da kansa. A 2014 waɗansu masana a Sifen suka gwada ɗiga ruwa a fuskoki biyu na ganyen Quercus ilex. A bayan ganyen, inda gashi ya cika, ɗigon yakan dunƙule ya gangare bai jiƙa komai ba, ƙofofin numfashi su zauna a bushe. A fuskar sama kuwa, inda gashin ƙuruciya ya zube ya bar tabo, ruwa yakan kwanta, ganyen ya tsotsi wani abu daga ciki. Ganye ɗaya ke nan, gefe guda laima, gefe guda soso.

Da a nan zancen ya tsaya, da sai mu ce ƙa'ida ta samu: inda rana da fari suka yi yawa, gashi ya yi yawa. A gabashin Amurka ma akwai shaidu masu ƙarfafa ta. Quercus stellata, wanda aka raɗa wa suna saboda taurarin gashinsa, a busasshen tudu mai tsakuwa yake zama, tare da Quercus marilandica mai jan gashi a bayan ganye, alhali Quercus palustris na fadama ganyensa sumul ne. Amma duk wanda ya ba ku wannan ƙa'ida bai faɗa muku inda ta karye ba, rabin gaskiya ya ba ku.

Ga Quercus coccifera, ɗan guntun balluɗ mai ƙaya a bakin ganye. Yana zaune a wuraren da suka fi ko'ina bushewa a kewayen Bahar Rum, kafaɗa da kafaɗa da mai bargo, amma babban ganyensa ba shi da gashi gaba da baya. Shi wata hanya ya bi: ƙaramin ganye mai tauri, da kaki mai kauri, da saiwa mai nisa. Ga kuma Quercus bicolor na Amurka, wanda gidansa bakin kogi da fadama ne, ƙishirwa ba ta dame shi ba, duk da haka bayan ganyensa fari ne fat da gashi mai laushi, har sunansa ke nufin mai launi biyu. Dalili shi ne gashi ba aiki ɗaya yake yi ba. Yana hana ruwa toshe ƙofofi a wuri mai laima, yana kuma wahalar da ƙananan ƙwari masu tsotso da tsutsotsi masu cin ganye. Manoman auduga a Afirka sun san wannan, gama irin audugar da ke da gashi a ganye ta fi tsira daga ƙwarin nan masu tsalle da ke tsotse ta. Ko shi Quercus palustris da na ce sumul ne, in ka duba hammatar jijiyoyinsa za ka ga ɗan tukku na gashi. Tukkun nan ɗaki ne. Waɗansu mitsi-mitsin halittu dangin kaska ne ke fakewa a ciki, su fito su cinye funfuna da ƙananan ƙwarin da ke cutar ganyen. Itace ya ba da masauki, baƙo ya yi gadi.

Kada kuma a manta gashi ba kyauta ba ne. Itace da abincinsa yake gina shi, hasken da gashi ya mayar kuwa haske ne da ganye bai ci moriyarsa ba. A cikin duhun kurmi, inda kowane ɗan haske ke da daraja, bargo hasara ne. Shi ya sa ko a jikin itace ɗaya akan sami bambanci. Ganyen ƙololuwa, mai shan rana tun safe har yamma, yakan zama ƙarami mai kauri mai yawan gashi. Ganyen ƙasa na cikin inuwa yakan zama faffaɗa, siriri, gashinsa tsilla-tsilla. Wanda ya tsinko ɗaya daga sama ɗaya daga ƙasa ya kai wa ɗalibi, ba wuya ɗalibin ya rantse itatuwa biyu ne.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ta fi muhimmanci ga mai dashen itace: gashin nan gado ne, ko kuwa wuri ne ke sa shi? Hanyar da masana ke bi su raba gardama mai sauƙin fahimta ce, sai dai tana cin shekaru. Sukan tattaro 'ya'yan itace iri ɗaya daga wurare dabam-dabam, na tudu da na kwari, na arewa da na kudu, su shuka su a gona ɗaya, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya. Bambancin da ya ɓace, wuri ne ya kawo shi. Wanda ya zauna, gado ne. Abin da ake gani shi ne duka biyu suna da hannu. Siffar gashin, ko tauraro ne ko tsintsiya, da yawan hannuwansa, wannan na gado ne, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Yawansa kuwa yana ƙaruwa yana raguwa bisa ga rana da ruwa da shekarun ganye, amma cikin iyakar da gado ya yanka masa. Balluɗin Ingila ko an kai shi Maroko ba zai saƙa bargo ba. Wani abin da ke ƙara rikita lissafi shi ne irin balluɗ suna barbarar juna ƙwarai, iska ce ke ɗaukar garin furensu, ba ta kuwa tambayar dangi. Inda mai gashi da marar gashi suka yi maƙwabtaka, sai a sami 'ya'ya masu gashi tsaka-tsaki.

Me ya sa gwamnatoci da jami'o'in waɗannan ƙasashe ke kashe kuɗi a kan ƙidayar gashin ganye? Domin yanayinsu yana sauyawa, itace kuwa ba ya ƙaura da ƙafa. Turai ta sha matsanancin zafi a 2003, ta sha fari mai tsanani a 2018 da 2022, itatuwa masu ɗimbin yawa suka bushe a tsaye a Jamus da maƙwabtanta. A kwarin Valais na ƙasar Suwizalan, wanda busasshen kwari ne a tsakiyar duwatsu, masana sun lura itatuwan fayin na ƙasa-ƙasa suna mutuwa, balluɗ mai laushin gashi yana maye gurbinsu. A Sifen da Fotugal kuwa, inda kadada miliyoyi na makiyaya ke ƙarƙashin inuwar balluɗ jefi-jefi, kamar yadda gawo da ɗorawa ke tsaye a gonakinmu, masu bargon da kansu suna bushewa, saboda fari ya haɗu da wata cuta mai ruɓar da saiwa. Bargo a ganye ba ya maganin ciwon da ke ƙarƙashin ƙasa. Dajin Mamora ma ya ragu ƙwarai da kiwo da sara da fari. A ƙididdigar da aka fitar a 2020, an duba iri 430 na balluɗ, aka tarar wajen kashi 31 cikin 100 suna cikin haɗarin ƙarewa.

Balluɗ itace ne mai jinkirin girma. Mai toshiyar kwalba sai ya kai wajen shekara 25 kafin a fara saɓe shi, na katako kuwa a Faransa yakan haura shekara 100 kafin a sare. Ma'aikacin dajin da ke zaɓen iri yau, yanayin da jikokinsa za su gani yake zaɓa wa, in ya yi kuskure kuma ba shi zai gani ba. Saboda haka a Jamus da Faransa ana gwada dasa irin kudu a filayen arewa, ana auna girmansu da jurewarsu shekara bayan shekara. Gashi yana cikin abubuwan da suke dubawa, domin da ɗan madubin hannu ana iya ganinsa a cikin daji, ya nuna ko itacen nan tsantsa ne ko barbarar yanyawa. Amma mai hankali a cikinsu ba ya yanke hukunci da ganye ɗaya. Yakan tsinko daga gefen rana, daga tsayi ɗaya, a lokaci ɗaya na shekara, daga itatuwa masu yawa, sa'an nan ya haɗa da zurfin saiwa da kaurin kaki da lokacin toho, kana ya rubuta daga wane daji za a ɗebo 'ya'yan da za a kai gandun reno.